Da Na Sani a Kasuwar Tsofaffin Motocin Amurka

Ranar 10 ga Janairun 2020, a garin Kissimmee na jihar Florida, aka shigo da wata tsohuwar koriyar mota zauren gwanjon kamfanin Mecum. Fentinta ya koɗe, tsatsa ta fara cin gefunanta, kujerunta sun sha zama. Ford Mustang ce ƙirar 1968, wadda ɗan wasa Steve McQueen ya yi ta ƙure gudu da ita a kan tuddan birnin San Francisco a fim ɗin Bullitt. An buɗe tayi da dala 3,500, wato kuɗin da masu motar suka ce mahaifinsu ya biya lokacin da ya saye ta a 1974. Hannuwa suka tashi ta ko'ina a zauren. Da aka buga guduma, tayi ya tsaya a dala miliyan 3.4, in an haɗa da la'adar masu gwanjo kuwa, miliyan 3.74.

Jaridu sun sha ba da labarin iyalin da suka riƙe ta sama da shekara 45. Uwargidan malamar makaranta ce, da motar take zuwa aiki har kulocinta ya lalace a 1980 aka tura ta gareji. McQueen da kansa ya rubuto wasiƙa a 1977 yana neman a sayar masa, maigidan ya ƙi. Sai dai akwai wani mutum a cikin labarin da ba a cika tsayawa a kansa ba, shi ne wanda ya sayar. Ɗan sandan ciki ne a jihar New Jersey. Ya sa 'yar gajeruwar talla a mujallar Road & Track, aka zo aka taya, ya sallama. Iyali sun ƙaru, motar kuma mai ƙofa biyu ce, ba ta ɗaukar yara da tarkacensu. A 1974 babu wanda ya ga wautarsa.

Irinsa suna da yawa a Amurka. Duk inda masu tsofaffin motoci suka taru da safiyar Asabar, a filin wani kanti, bonet a buɗe, kofi a hannu, ba a rasa dattijo mai furfura da zai tsaya gaban wata mota ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wa mai ita ai shi ma ya taɓa mallakar irinta. Zai faɗi launinta, zai faɗi injinta, zai faɗi shekarar da ya sayar da kuɗin da aka ba shi. Kuɗin ne ke sa shi girgiza kai.

Motocin da ake magana a kansu su ne waɗanda Amurkawa ke kira masu ƙwanji. Dabarar ƙera su ba ta da wahala: a ɗauko matsakaiciyar mota mai ƙofa biyu, a cusa mata ƙaton inji mai silinda takwas wanda aka yi don babbar mota, a sayar wa saurayi a farashin da albashinsa zai iya ɗauka. Yawanci ana fara ƙirga zamaninsu ne daga Pontiac GTO ta 1964. A lokacin kamfanin General Motors yana da dokar cikin gida, cewa ba za a sa wa matsakaiciyar mota injin da ya wuce lita 5.4 ba. John DeLorean, babban injiniyan reshen Pontiac, shi da abokan aikinsa suka lura cewa dokar ba ta ce komai ba a kan ƙarin kayan da mai saye ke zaɓa da kansa. Sai suka mai da inji mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325 ya zama ƙari a kan motar Tempest LeMans, a kan kimanin dala 296. Sashen ciniki ya yi hasashen ba za a sayar da fiye da 5,000 ba. An sayar da 32,450 a shekarar farko, a 1966 kuwa kusan 97,000.

Sun faɗo a kan gaɓa. Yaran da aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kimanin miliyan 76 tsakanin 1946 da 1964, na farkonsu sun isa karɓar lasisi. Aikin masana'anta yana samuwa ko ba digiri, galan ɗin fetur kuma senti 30 da 'yan kai ne. Ford ta fito da Mustang a watan Afrilun 1964 a kan dala 2,368, kafin shekara biyu ta cika ta sayar da miliyan guda. Daga nan kowa ya shiga fage. Chevrolet ta kawo Chevelle SS da Camaro, Dodge ta kawo Charger, Oldsmobile ta kawo 442. Plymouth kuwa ta biya kamfanin fim na Warner Bros. dala 50,000 don ta ari suna da hoton tsuntsun zanen yara mai suna Road Runner, har da hon mai kukan tsuntsun, ta fitar da mota a 1968 wadda ba ta da wani ado a ciki, dogon benci ne da shimfiɗar roba, amma ga inji, ga shi ba ta kai dala 3,000 ba.

Da dare, a kan titin Woodward da ke fita daga Detroit, samari kan jera a gaban danja suna taka totur, fitila na komawa kore a bar baƙin layi a kwalta. Abin da aka rinjaya a nan shi ake hira a kai washegari a makaranta da wurin aiki, kamfanoni kuma sun san da haka. Chrysler, mai kamfanonin Dodge da Plymouth, ta sakar wa jama'a injin tsere mai suna Hemi, lita 7, wanda aka rubuta masa ƙarfin doki 425. A 1970 Chevelle mai inji LS6 ta zo da 450. Nan ne ƙololuwa.

Abin da mai cizon yatsa na yau yake mantawa shi ne, ba a yi motocin nan don a adana su ba. Ƙarfensu na motar talaka ne, burkinsu bai kai injinsu ba, tayoyin zamanin ba sa riƙe hanya. A jihohin arewa ana watsa gishiri a titi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan ya shiga ƙarƙashin mota, bayan hunturu biyar ko shida a ga ƙasa ta cikin but. Wadda tsatsa ba ta ci ba, ta rungumi falwaya. Wadda ta tsira daga duka biyun, injinta ya buga a wurin tsere, aka sauke aka ɗora mata na wata mota.

Wasu ma tun suna sababbi kasuwa ta ƙi su, kuma abin mamaki su ne suka fi tsada a yau. Fred Gibb, dillalin Chevrolet a wani ɗan ƙaramin gari mai suna La Harpe a jihar Illinois, ya yi odar Camaro 50 masu injin alminiyam da ake kira ZL1 a 1969, don masu tsere. Da takardar kuɗi ta zo, kowace ta haura dala 7,200, fiye da ninkin kuɗin Camaro ta yau da kullum. Da ƙyar ya sayar da 13, sauran ya roƙi kamfani ya karɓi abinsa, aka rarraba wa wasu dillalai. Guda 69 aka ƙera baki ɗaya. A Janairun 2020 an sayar da ɗaya daga cikinsu fiye da dala miliyan guda.

Haka labarin masu fuffuke. Dokar gasar NASCAR ta ce ba za a yi tsere da mota ba sai an ƙera wani adadi nata an sayar wa jama'a. Saboda haka Dodge ta ƙera Charger Daytona 503 a 1969, Plymouth ta ƙera Superbird kimanin 1,900 a 1970, masu tsinin hanci da dogon fuffuke a baya wanda ya kusa kai tsawon rufi. A filin tsere sun yi abin kirki: direba Buddy Baker ya haura mil 200 a sa'a, wato kilomita 322, da Charger Daytona a filin Talladega a watan Maris na 1970. A gaban shagon dillali kuwa mutane kallo suke yi su wuce. Wasu Superbird sun kwana shekara da shekaru ba mai taya, har ana ba da labarin dillalan da suka kwance hancin da fuffuken suka sayar da su a matsayin Road Runner kawai don su rabu da kaya. A 2022 wata Superbird mai injin Hemi ta kai dala miliyan 1.65 a gwanjo.

Faɗuwar ta zo ta ƙofa uku, kuma ba fetur ne ya fara shigowa ba. Kamfanonin inshora ne. Sun duba alƙaluman haɗari, suka ga wa ke mutuwa kuma a cikin wace mota, suka lafta wa samari 'yan ƙasa da shekara 25 ƙarin kuɗi, har ya zama wani abin da yake biyan inshora a wata ya kusa kai abin da yake biyan bashin motar. Sai dokar tsabtace iska ta 1970, wadda ta tilasta rage hayaƙi. General Motors ta sassauta matsin injinanta tun daga ƙirar 1971 don su iya shan fetur mai ƙarancin dalma, ƙarfi ya ragu. Chrysler ta daina sa Hemi bayan 1971. A shekarar ƙarshen nan, waɗanda suka yarda suka ƙara kusan dala 900 don a sa musu shi a cikin Plymouth 'Cuda ɗari da 'yan kai ne, masu buɗaɗɗen rufi a cikinsu kuwa ba su wuce 12 ba.

Sannan Oktoban 1973 ta zo. Ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Amurka takunkumi saboda goyon bayan da ta ba Isra'ila a yaƙin wannan wata. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kimanin dala 3 zuwa kusan 12. Layuka suka miƙe a gidajen mai, wasu jihohi suka koma rabon kwana bisa lambar mota, mai mara yau, mai cika gobe. A Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta taƙaita gudu zuwa mil 55 a sa'a, ƙasa da kilomita 90. Guguwar nan ce dai ta kwararo kuɗi Najeriya, wadda ta shiga OPEC a 1971 kuma ba ta cikin masu takunkumin. Abin da ya kawo ƙarin albashin Udoji da sabuwar Peugeot 504 ƙofar gidan ma'aikaci a Kaduna, shi ya sa takwaransa na Ohio ya tashi da asuba ya kama layi da motar da da ƙyar take cin kilomita 5 da lita guda.

A cikin 1974 aka daina ƙera Plymouth Barracuda, wato 'Cuda, da Dodge Challenger. GTO ta wannan shekarar, ta ƙarshe a wancan zamani, 7,000 da 'yan kai aka sayar. Mustang ta koma 'yar ƙaramar mota, a shekarar farko ma ba a sa mata silinda takwas a Amurka ba, jama'a kuma suka yi rububinta.

Daga nan har zuwa farkon shekarun 1980, mota mai ƙwanji ta zama kayan nauyi. Dillalan tsofaffin motoci kan tura ta layin baya. Mutum ya kai Chevelle ɗinsa ya yi ciko ya karɓi Toyota Corolla ko Datsun ko Honda Civic, ya tafi gida yana murna ya huta da gidan mai. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake tayar da farashin fetur, ya ƙara musu faɗuwa. Ɗaliban sakandare suka riƙa sayen su da 'yan ɗaruruwan daloli, su ƙarasa abin da ya rage. Masu shirin talabijin The Dukes of Hazzard, wanda aka yi daga 1979 zuwa 1985, sun ragargaza Dodge Charger kimanin 300 wajen tsallake rafi da shinge, don a lokacin mota ce mai araha da ake samu ko'ina. Sai wajen ƙarshen shirin suka fara shan wahalar nemo ta.

In aka saurari dalilan masu sayarwa, ba a jin sakaci a cikinsu. Aure ya zo. An yi haihuwa. Ana neman kuɗin kafin alƙalami na gida. An kira mutum aikin soja zuwa Vietnam, ya bar mota a ƙofar gida, ya dawo ya tarar iyaye sun sayar, ko kuma bai dawo ba. Wani giyarta ce ta lalace a watan da aka sallame shi daga aiki, ga ba garejin ajiya, 'yan gwangwan suka zo suka ja ta. Mai shekara 24 da jariri a hannu ba shi da inda zai kulle mota shekara 30 yana jiran ranar da ba wanda ya ce masa za ta zo.

Ranar ta fara ɓullowa ne a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da samarin Woodward suka haura 40, yara sun tasa, aljihu ya yi nauyi. Kowa ya koma neman motar da ya taɓa mallaka, ko wadda ya yi ta leƙe ta gilashin shago ba shi da halin saye. Gwanjon Barrett-Jackson, wanda aka fara a Scottsdale ta jihar Arizona a 1971, ya shiga talabijin a shekarun 1990, kuma wannan ya canza komai. Mutum yana zaune a falonsa cikin sanyin Janairu sai ya ga irin motar da ya bayar a banza tana walƙiya ƙarƙashin fitilu, lambobi suna hawa a ƙasan allo. Da na sani ƙeya ce, amma kafin talabijin ba ta da farashi a rubuce. A farkon shekarun 2000 Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta haura dala miliyan guda. A Yunin 2014, a Seattle, an sayar da ɗaya dala miliyan 3.5. A 2021 aka taya wata miliyan 4.8, mai ita ya ce albarka.

A wannan kasuwa takarda ta kusa fin ƙarfe daraja. Abin da mai saye ke fara tambaya shi ne ko lambar da aka buga a jikin inji ta yi daidai da lambar motar, wato ko injin da ta fito da shi daga masana'anta ne har yanzu a cikinta. Ana ɗaga kujerar baya, ana sauke tankin mai, ana neman wata 'yar takarda mai launin ƙasa da ma'aikatan masana'anta suka cusa a wurin shekara 50 da suka wuce, wadda ta lissafa duk abin da aka sa wa motar. In an same ta, ko da ɓera ya ci gefenta, sai a sa ta a leda kamar takardar fili. Dalili kuwa, jabu ya yi yawa. LeMans da GTO jiki ɗaya ne, Chevelle Malibu da Chevelle SS haka, gwanin makaniki da 'yan tambura zai iya mai da wannan ta zama waccan. Masu harkar kan ce Chevelle LS6 da ke yawo yanzu sun fi waɗanda aka ƙera yawa.

A nan ne ya kamata a yi wa masu nadama adalci, domin sun fi kowa tsananta wa kansu. Mutumin da ya sayar da gonarsa a bayan gari kafin kwalta ta iso yana iya nuna wurin ya ce ga ta can, da na riƙe da yanzu ni ne. Mota ba ta zama inda aka bar ta. Tana buƙatar rufi, tana buƙatar inshora, robobinta suna bushewa, tsatsa ba ta hutu. Cikakken gyaran da ke mai da tsohuwa sabuwa sau da yawa yana cin fiye da abin da za a sayar da ita. Sannan motocin da ke kai miliyan 'yan ƙalilan ne ƙwarai: Hemi mai buɗaɗɗen rufi, ZL1, motar da ta fito a fim. Yawancin waɗanda aka sayar a shekarun 1970 masu ƙaramin inji ne, waɗanda aka ƙera dubun dubata, kuma kuɗinsu a yau dubban daloli ne masu goma-goma, ba miliyoyi ba. Dala 3,500 ta 1974 kanta ta kai kimanin 18,000 a kuɗin 2020. Uwa uba, tsadar ta samo asali ne daga ƙaranci, ƙarancin kuma su masu sayarwar ne suka haifar da shi. Da kowa ya kulle tasa a rumbu, da babu wadda za ta yi wannan kuɗi.

Ba masu sayarwa da wuri kaɗai ke cizon yatsa ba. A Janairun 2006, lokacin da bashi ke da sauƙi kuma gidaje ke ta hawa, an sayi wata shahararriyar Chevelle LS6 mai buɗaɗɗen rufi, tsohuwar motar tsere, a kan sama da dala miliyan 1.2 a Barrett-Jackson. Tattalin arziki ya durƙushe a 2008. Da aka sake kai ta gwanjo a 2009 ba ta kai dala 300,000 ba.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce wa dattijon nan lissafinsa ya kuskure, ya daina damuwa. Wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa kuɗi ƙofa ce kawai ta shiga zancen. Da ya gama faɗin farashi sai ya koma kan ƙarar salansa da sassafe, da yarinyar da ya fara ɗauka a ciki wadda yanzu kaka ce, da mahaifinsa da ya sa masa hannu a takardar bashi yana faɗa. Akwai masu bin lambar motarsu shekara da shekaru, daga jiha zuwa jiha, ta hannun ƙungiyoyin masu irin motar da ke ajiye rajista, ko Allah zai sa su gano inda take. Wasu sun samu sun biya ninkin ba ninkin. Wasu sun tarar an narkar da ita tun kafin a haifi 'ya'yansu. Kamfanonin ma da yawa sun bi ta: an rufe Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010. Titin Woodward dai yana nan, kuma tun 1995 ake taron tsofaffin motoci a kansa kowane watan Agusta, inda masu shiryawa kan ƙiyasta mutum kusan miliyan guda.

Yaran bayan yaƙi yanzu mafi ƙanƙantarsu ya haura 60, manyansu suna wajen 80, kuma motocinsu sun fara fitowa gwanjo daga hannun magada. Masu shekara 35 zuwa 45 da ke da kuɗin saye ba a Woodward suka tashi ba. Sun tashi ne da wasannin kwamfuta da finafinan Fast & Furious, idonsu yana kan motocin Japan na shekarun 1990, irin su Toyota Supra da Nissan Skyline da Acura NSX, waɗanda su ma an yi zamanin da ake sayar da su da araha ana yi musu kwaskwarima har su lalace. A Yunin 2021, a Las Vegas, Supra mai launin lemo da marigayi Paul Walker ya tuƙa a fim na farko ta tashi a kan dala 550,000, a hannun masu gwanjon Barrett-Jackson.